Kadangare da Gwangwanin Giris

Igiyar hular kwanonsa ce ta fara nuna alama, amma ba wanda ya duba ta. A jikin igiyar, inda maɓalli ya yi shekara da shekaru yana zama a ƙarƙashin haɓarsa, gumi ya yi wani baƙin layi. A 'yan makonnin nan maɓallin ya bar wurin, ya matsa kamar faɗin yatsa biyu, layin ya fito fili a gefen kumatunsa. Abokan aikinsa cikinsa suke kallo, don shi suka saba yi wa ba'a. Matarsa farantinsa take kallo. Shi kuma sikeli ya sa a gaba. Fuskar ce ta cika ta yi zagaye, bayan wuyan ya yi tudu, alhali hannuwa da ƙafafu suna nan yadda suke. Da wani ya lura da wannan tun farko, da an rage wa bawan Allah wahalar wata guda.

Kadangare ake ce masa a kamfanin wutar lantarki, kuma sunan ya bi shi har gida, har surukarsa in ta manta da kunya haka take kiransa. Ya samo shi ne yana ɗan shekara ashirin da shida, siriri kamar sanda, lokacin da kafin a gama jingina tsani ya riga ya kai rabin falwaya. Yanzu shekararsa hamsin. Jiki ya zauna masa a hankali, shekara bayan shekara, amma hawa bai gagare shi ba. Ya daina gaggawa, sai dai ba ya hawa sau biyu a kan matsala ɗaya. Yakan tsaya a gindin taransifoma ya karkata kai yana sauraren kukanta, ya shaƙi iska, ya bi wayoyi da ido har inda suka ɓace a bayan bishiyoyi, sannan ya ce, “Falwaya ta huɗu. A kawo tsani.” Da wuya a samu ba a nan ba ne.

In aka tambaye shi me yake so a aikin, sai ya ce albashi, kowa ya yi dariya. Gaskiyar ita ce saman yake so. Daga can yana ganin rufin gidaje da shanyar mutane da tsofaffin tayoyin da aka jefa kan kwano aka manta. Kuma idan ya ɗaure waya ta ƙarshe ya sauko, aka kunna layi, unguwa kan ɗauki ihu lokaci ɗaya, an kawo wuta! Shekara ashirin da huɗu yana jin wannan ihun, bai taɓa ginsarsa ba.

Su huɗu ne a motarsu. Akwai Dogo, shugaban ayarin, wanda ya shekara goma sha tara yana riƙe masa tsani. Akwai Direba. Sai Ango, wanda ya yi aure shekara goma da suka wuce, yana da 'ya'ya uku, amma sunan ya ƙi barinsa.

Maganar ta taso ne da kamfani ya sayo sababbin tsanuka marasa nauyi da sababbin ɗamarun hawa. Jami'ar kiyaye haɗari ce ta tara su a farfajiya. Matashiya ce, ba ta da yawan magana, amma ba ta taɓa wuce ma'aikaci ba tare da ta tambaye shi hularsa ba, shi ya sa a bayan idonta suke kiranta Ina-hularka. Ta ce nan da wata uku za a kwashe tsofaffin tsanukan katako. Sababbin kuwa kilo ɗari da ashirin aka rubuta musu, mutum da kayan aikinsa gaba ɗaya. Duk wanda ya haura haka, za a mayar da shi sito. Ta ajiye sikeli a kan siminti, ta dubi Kadangare.

“Baba, bismillah, hau mana.”

“'Yata, sikelin nan na mutane ne ko na buhuna?”

“Na duk wanda zai hau tsanina ne.”

Ya hau da takalmansa da ɗamararsa da jakarsa. Ɗari da ashirin da huɗu.

“A cire masa filaya,” in ji Direba, “wataƙila ita ce.”

“A cire cikin dai,” in ji Ango.

Kadangare ya sauko yana dariya tare da su. “Kilo huɗu? Jakar nan ma ta fi haka, kullum da yamma nake sauke ta. Wata uku ya yi yawa, 'yata. Ki ajiye biyu, ki ba ni ɗaya.”

Bai waiwaya ya kalli siton ba, ko da yake yana bayansa. Ya san shi sarai: dogon ɗaki a ƙarshen farfajiya, taga ɗaya can sama kusa da rufi, nadaddun wayoyi jibge har bango, da wata fanka mai girgiza kai kamar ba ta yarda da komai ba. Mai-sito ya kusa ritaya, kowa ya san kujerarsa tana neman mai zama. Shekara goma ta rage wa Kadangare a aiki. Shekara goma yana miƙa wa wasu waya su je su hau, wannan ko a mafarki bai yarda da shi ba.

Matarsa malamar firamare ce, shi ma Malama yake ce mata. Da ta ji labari ba ta yi dogon sharhi ba. Ta buɗe kabad ta zaro ƙaramin farantin da 'yarsu ke ci a ciki tun kafin ta yi aure, ta wanke, ta ajiye a gabansa.

“Wannan na miya ne?”

“Na komai ne, Baban yara.”

Sukari ya fita daga shayi. Burodi ya koma yanka biyu. Shinkafa ludayi ɗaya, ganye kuwa tuli, har ya ce in ya fara kuka irin na akuya kada a yi mamaki. Ya daina shiga mota zuwa aiki, ya koma tafiyar ƙasa, minti hamsin. A kan hanya akwai gadar da masu tafiya a ƙasa ke bi su tsallake babban titi, sai ya ƙara wa kansa aiki: ya hau ta wannan gefen ya sauka ta wancan, ya juyo, sau biyar. Mata masu sayar da lemo a gindin gadar suka gane shi, suka fara ƙirga masa. “Saura biyu, Baba! Kar ka ba mu kunya!” Yakan ɗaga musu hannu kamar ɗan wasa a fili.

A kwana na goma gwiwar dama ta kumbura. Da ya zo shiga motar aikinsu da safe sai da ya ɗaga ƙafar da hannu. Dogo ya kalle shi, ya buɗe akwatin gaban mota ya zaro gwangwani.

Wannan gwangwani ya daɗe a motar. Tsohon gwangwanin madara ne, fentinsa ya goge, a cikinsa ƙwayoyi ne iri-iri, ba kwali, ba takarda, ba suna. Giris suke ce musu, don suna sa gaɓoɓi su daina ƙara. Dogo ya gaji al'adar a wurin shugaban da ya gabace shi, kuma yana cika gwangwanin ne a wurin wani mai yawo da jaka a bakin tasha. Wurin zamansa tsakanin tef ɗin naɗe waya da fis-fis ɗin lantarki na ajiya. Wanda ya wuni a sama har bayansa ya riƙe sai ya ce, “A ba ni giris,” ya haɗiye biyu da ruwa, shi ke nan sai bayan mako biyu ko uku. Ba wanda ke ɗaukarsa magani. Kayan mota ne, kamar jak da sifana.

Kadangare bai taɓa sha ba, yana ma yi musu gori a kai. Ranar ya karɓa. Kafin kwana biyu gwiwa ta yi shiru kamar ba a taɓa yin ta ba. Ya koma gadarsa, ya mayar da biyar bakwai. Da yake kullum yake hawa, sai ya ga kullum ya kamata ya sha, biyu da safe in ya iso mota, biyu da yamma kafin ya kama hanyar gida. Na ƙarshen mako yakan ƙulle su a takarda ya sa a aljihun jakar aiki. Ba wanda ya gaya masa ƙa'ida, don abin ba shi da ƙa'ida. Ya ji ƙarfi ya dawo masa, yana tashi tun kafin agogo. Sai dai yunwa. Wata irin yunwa ce da bai santa ba, wadda ke sa ya tsaya yana kallon burodin Ango kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata.

Ya ƙi hawa sikeli har mako shida, don yana so ya ba kowa mamaki. Ranar da ya shirya, da tsakar rana ya shiga sito da kayansa a jiki, ya ce wa Mai-sito ya ara masa babban sikelin da ake auna waya. Ya hau. Allura ta yi rawa ta tsaya. Ya sauka, ya duba ko wani abu ya danne gefe, ya sake hawa.

Ɗari da ashirin da tara.

“Sikelinka ya lalace.”

“Da shi nake karɓar jan ƙarfe, Kadangare. In ya yi ƙarya ni za a kama.” Mai-sito ya shafa bayan kujerarsa. “Zo ka ɗana. Na sa mata sabon soso bara. Fankar ce kawai sai ka riƙa lallashinta.”

“Riƙe kayanka, tsoho. Ban zo gado ba.”

Daga nan ya wuce ɗakin shan magani na kamfani. Nas ta auna shi, ta tambaye shi abin da yake ci, sannan ta ce, “Kana shan wani magani?”

“Ni? Ko na ciwon kai ban san hanyarsa ba.”

Ba ƙarya ya yi ba. Da ta tambaye shi ko yana amfani da tef ɗin naɗe waya, da wataƙila gwangwanin ya faɗo masa a rai. Ta ce ya rage ci ya ƙara tafiya. Ya yi godiya ya fito.

A gida Malama ta ajiye jan biron da take duba littattafan ɗalibai da shi. “Kilo biyar? Sama?”

“Sama.”

“Baban yara, dube ni. Wane mai shayi ne ya samu kwastoma?”

“Wallahi ƙwai biyu na ci ranar Laraba. Sai burodin Ango da na gutsura sau uku. To, sau huɗu.”

“Ƙwai biyu ba sa zama kilo biyar. Ni lissafi nake koyarwa.”

Yayarsa ta bugo waya, don labari ya kai mata ta bakin 'yarsa. “Ƙanena, ka bar wahalar da kanka. Jikin gidanmu ne. Babanmu ko ruwa ya sha sai ya zauna masa. Ka karɓi siton nan, ga inuwa, ga kujera. Kai kaɗai ne mai jika a hanya da ke rataye a sama kamar shanya.”

“Yaya, Baba bai taɓa hawa gada sau bakwai ba.”

“Shi ya sa ya kai tamanin.”

Abin bai ba shi tsoro ba. Haushi ya ba shi, irin haushin da yake ji in layi ya ƙi nuna masa inda ya lalace. Ya ƙara mako ɗaya yana matse ciki, ya cire burodin gaba ɗaya, allura ba ta motsa ba. Ranar Asabar da hantsi ya kira Malama teburin cin abinci, ya ture kofuna gefe.

“Zauna. Bin layi za mu yi.”

“Wane layi kuma?”

“In mai gida ya ce ya kashe komai amma mita na gudu, ba a gardama da mita, ba a kuma ce wa mai gida maƙaryaci. Daga falwaya ake farawa, a bi waya taƙi-taƙi har a ga inda wani abu ke jan wuta. Sikeli bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. To akwai wayar da ba mu gani ba. Zan faɗi ranata tun daga tashi. Ke dai ki riƙa cewa sai me.”

Ta gyara tabarau. Irin wannan aikin ta iya shi.

“Na tashi. Na sha ruwa kofi biyu.”

“Sai me?”

“Shayi ba sukari. Ƙwai ɗaya, ke kika dafa. Na fita. Na hau gada.”

“Masu lemo ba sa ba ka?”

“Ƙirga kawai suke ba ni.”

“Sai me?”

“Na isa aiki. Na sa kaya. Na duba ɗamara. Na sha giris. Muka fita, in akwai kira...”

“Tsaya. Ka sha me?”

“Giris.”

“Na mota?”

Ya yi dariya, ya bayyana mata. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce ya kawo ta gani. Ya ɗauko ƙullin takardar daga jaka ya buɗe a kan tebur: wata doguwa rawaya, wata ruwan hoda, da ƙanana farare. Malama ta juya su da bakin biro, ba ta yarda ta taɓa da hannu ba.

“Tun yaushe?”

Ya ƙirga da yatsu, ya tsaya. Ya kalli ƙwayoyin, ya kalli matarsa. Sai ya buga tebur da tafin hannu har cokali ya yi tsalle. “Ga ta! Ga wayar!” Fuskarsa ta washe kamar an yi masa kyauta.

“Murna kake yi? Mako shida kana haɗiyar abin da ba ka san sunansa ba?”

“Malama, wanda ya gano inda layi ya lalace ya gama rabin aiki.”

“Ranar Litinin asibiti. Kuma tare za mu, kar a tambaye ka ka ce ko na ciwon kai ba ka sani ba.”

Likitan dattijo ne mai sanyin murya. Ya karɓi katin aikin Kadangare, ya kalli hoton, ya kalli fuskar da ke gabansa, ya sa hannu ya taɓa bayan wuyan. Ya aika da ƙwayoyin wurin mai haɗa magani na asibitin, aka ɗebi jini, aka auna hawan jini. Da amsa ta dawo, ya ce ƙananan fararen nan magani ne mai ƙarfi, irin wanda ake ba masu asma da masu kumburi mai tsanani, da awo, na ɗan lokaci. Yana kwantar da ciwo nan take, amma in an daɗe ana sha yana riƙe ruwa a jiki, ya buɗe ciki, ya tara kitse a fuska da wuya, yakan kuma tayar da sukari.

“To daga yau na bari,” in ji Kadangare.

“A'a. Wannan ne kuskure na biyu da za ka yi. Jikinka ya saba da shi, in ka yanke rana ɗaya za ka iya faɗuwa. Zan rubuta maka na gaskiya, mu riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Gadar nan kuma ka sallame ta. Ka yi tafiyarka a shimfiɗaɗɗiyar hanya.”

“Nauyin zai sauka?”

“Zai sauka.”

“A mako biyar?”

Likita ya girgiza kai. “Ba na sayar da abin da ba ni da shi. Wata uku, wata huɗu. Zan ba ka takarda ka kai wurin aiki.”

Takardar ta kwana uku a aljihunsa. Ya san in ya miƙa ta, tambayar farko da Ina-hularka za ta yi ita ce a ina ya samo. Dokar kamfani ta hana a hau sama bayan an sha abin da ba likita ya rubuta ba, kuma shugaban ayari ne ke amsa laifin motarsa. Dogo kuwa ba abokin aiki ba ne kawai. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da wuta ta fizge Kadangare ya rataye a ɗamara bai san inda yake ba, Dogo ne ya hau ya sauko da shi a kafaɗa. In ya yi shiru, ranar awo za ta zo, ya faɗi, a kai shi sito, gwangwani ya ci gaba da zamansa. In ya yi magana, Dogo zai sha hukunci. Abin da bai yarda ya yi ba shi ne ya bi ta bayan mutumin.

Ranar Alhamis, suna hutun rana a inuwar mota, ya zaro takardar ya ba Dogo. Dogo ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi, ya ninke ta.

“Wato don kilo tara za ka kai mu ofis.”

“Don tsanina. Ba zan yi maka ado ba, Dogo, tsanina nake so.”

“Ni na ce ka sha safe da yamma? Mu da muke sha shekara da shekaru, wa ya kumbura?”

Direba ya leƙa madubin gefe, ya kama kumatunsa ya ja. “Ni fa na ɗauka hutu ne ya karɓe ni.”

“Kai rufe mana baki.”

“Ba kai ka ce ba,” in ji Kadangare. “Wautata ce, kuma haka zan faɗa. Ba zan ce ga wanda ya saya ba. Amma zan ce a mota yake, don a mota yake. Kuma bara da aka ce maka kana da sukari, ka gaya wa likitanka kana shan wannan?”

“Bar wannan maganar.”

“Ban ce shi ne ba. Likita ma bai ce ba. Cewa ya yi duk mai sha ya je a duba shi.”

Ango ya ajiye burodinsa. “Ni shekaran jiya na sha biyu.”

“Gobe da safe zan shiga,” in ji Kadangare. “Na ce bari ka ji daga bakina.”

Dogo ya tashi ya kakkaɓe wando. Ranar har suka tashi bai sake ce masa uffan ba, ko tsani ma Ango ya sa ya riƙe.

Washegari Kadangare ya iso farfajiya ya tarar da Dogo tsaye a ƙofar ofishin, hula a kai, gwangwani a hammata.

“Ba don kai ba ne,” in ji Dogo, yana kallon wani wuri. “Ba na son a aiko kirana kamar yaro. Wuce mu je.”

Jami'ar ta karanta takardar sau biyu. Ta buɗe gwangwanin, ta girgiza, ta rufe. “Tun yaushe wannan yake a mota?”

“Ya girme ki a kamfanin nan,” in ji Dogo. “Ni ke saya. Ki rubuta haka.”

“Motarku kaɗai?”

Dogo ya kau da kai. Ta gyaɗa kai, ta rubuta wani abu. Ta ce wa Dogo takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗinsa, ba yadda za ta yi, kuma za a duba kowace mota, a tura kowane ayari asibiti. Sannan ta juyo.

“Baba, na ji bayanin likita. Amma tsani bai iya karatu ba. Ɗari da ashirin aka rubuta masa. Kuma tunda kana kan magani, daga yau ko tsohon ba za ka hau ba.”

“Na sani, 'yata. Ban zo roƙon hawa ba.”

“To me kake nema?”

“Kada a kai ni sito. Ki bar ni a ƙasa tare da ayarina har in sauke. Rabin aikina da ido da kunne nake yi. Ango yana da ƙafa, amma falwaya uku yake hawa kafin ya dace. Ni zan nuna, shi ya hau. Wata huɗu. In ban sauka ba, da ƙafata zan je in karɓi makulli.”

“Wancan karon wata ɗaya ka ce.”

“Wancan karon ban san da wa nake kokawa ba.”

Ta kusa yin murmushi, ta danne. Ta ce ba ita ke yankewa ba, amma za ta rubuta ta kai sama. Amsa ta zo bayan mako guda: wata huɗu a ƙasa, awo kowane ƙarshen wata, ba ƙari.

Haka Kadangare ya zama mutumin ƙasa. Yana riƙe igiya, yana tare masu babur kada su bi ta ƙarƙashin tsani, yana ɗaga kai yana ba da umarni har wuyansa ya gaji. “Ango, ba wannan ba, ta hagu! Taɓa ka ji, ba ta yi zafi ba?” Makonnin farko na rage maganin ba su zo da sauƙi ba. Gwiwa ta dawo da ƙorafinta, jiki ya yi masa nauyi kamar an jiƙa shi, akwai ranakun da tafiyar minti hamsin ta zama ta awa ɗaya da rabi. Bai fasa ba. Wasu daga sauran motocin sun daina gaishe shi, don nasu gwangwanayen ma an kwashe. Ya ce za su huce. Dogo yana yi masa magana, amma ta aiki kawai: kawo, riƙe, ja.

Ranar awon farko ya hau sikeli a farfajiya da kayansa duka, ko da yake ba hawa zai yi ba. Ɗari da ashirin da shida.

“Har yanzu tsani ya ce a gaishe ka,” in ji Ango.

“Ka ce masa ina amsawa, ya ajiye min wurina. Kai kuma ka koyi ɗaurin waya kafin in dawo, jiya kamar ɗaurin zani ka yi.”

Dogo yana gefe yana naɗe igiya a gwiwar hannu. Bai ɗago ba. “Saura shida,” ya ce. Can kuma ya ƙara, “An canja min maganin sukari. Sun ce in koma bayan mako biyu.”

“Wace rana?”

“Talata.”

“Ni ma Talata ce tawa. Sai mu bi layi tare.”

“In ka makara ba zan jira ka ba.”

Da aka tashi, Kadangare ya rataya jaka ya kama hanyar gida a ƙasa. Wajen rabin hanya ya ji takalmin hagu yana shan tsakuwa, ya duba, ya ga tafin ya cinye ta gefe. Ya ratse wurin mai gyaran takalmi a gindin wata bishiya, ya ce a sa masa sabon tafi mai kauri, wanda zai yi wata uku yana taka kwalta. Ya zauna a benci, ƙafa ɗaya cikin safa, ya ɗora ta kan ɗayar, yana jira gam ya sha iska.